Amsa: Yarona ba ya taɓa littafi sai ya ga bulala

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 8 da zarar ya dawo daga makaranta sai ya wurgar da jaka, ba ya karatu sai da tsawa. Don Allah ki fara ajiye bulalar nan. Yaron da ya saba haɗa karatu da duka, ranar da ya fi ƙarfin duka zai yi sallama da littafi, abin da nake tsorata miki ke nan.

Ki shigo masa ta tatsuniya bayan isha'i. Nawa ɗan da Magana Jari Ce na jawo shi: ina karantawa, daidai inda labari ya yi daɗi sai in rufe, in ce sauran yana ciki. Ba a jima ba ya koma shi ke karanta mini.

Kuma ya riƙa ganinki kema kina koyo. Nana Asma'u ma matan aure ta nufa, tana naɗa jaji ta tura ta ƙauyuka koyar da 'Yan Taru. In ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce masa, "Zo mu nemo tare."