Wurin shan ruwan da ke kasuwar Alƙahira: wa ya gina shi, daga ina ruwan yake zuwa?

Tambaya: Malam, na kai mahaifiyata asibiti a Alƙahira, sai na leƙa kasuwar Khan al-Khalili. A titin Mu'izz, daidai inda hanya ta rabu biyu, na ga wani tsohon gini mai manyan tagogi na tagulla, aka ce mini wurin shan ruwa ne kyauta. Amma ban ga famfo ba, ban ga rijiya ba. Mene ne tarihinsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Bisa kwatancenka, ɗan'uwa, sabil ɗin Abdurrahman Katkhuda ka gani; sabil shi ne ginin shayar da ruwa sadaka. An gina shi a 1744, lokacin da Masar take ƙarƙashin Turkawa. Abdurrahman babban hafsan soja ne, mai dukiya, mai son gine-gine. Shi ne ya faɗaɗa Masallacin Azhar, can kuma kabarinsa yake. Bai gama da duniya cikin daɗi ba: abokan hamayyarsa sun kore shi zuwa Hijaz, ya dawo a 1776, ya rasu a shekarar.

Dalilin da ya sa ba ka ga famfo ba shi ne a wancan zamani ruwan a ƙarƙashin ƙafarka ake ajiye shi. Tsohon birnin yana da ɗan nisa da Kogin Nilu, rijiyoyinsa kuma ruwansu zartsi ne, bai shayuwa. Sai a haƙa babban tanki a ƙasan ginin, a shafe shi yadda ba zai yoyo ba. Idan Nilu ya cika, wajen watan Agusta, 'yan ga-ruwa su yi ta jigila da salkuna a kan raƙuma da jakuna har tankin ya cika, a yi ta sha sai baɗi. Kafin a zuba sabon ruwa sai an kwashe na bara, an wanke tankin tas.

A lokacin, a ɗakin da ke bayan tagogin akwai ma'aikaci da ake biya albashi. Shi zai jawo ruwa ya zuba a kwatarnin dutse da ke gindin kowace taga, mai ƙishi ya tsaya a waje, ya miƙa hannu ta ƙasan tagar ya ɗauki moɗa. Ɗan dako, baƙo, attajiri, duk taga ɗaya, ba a tambayar kowa ko sisi. A wasu sabil ɗin ma ruwan yakan gangaro ta kan wani allon marmara mai zane domin ya sha iska ya yi sanyi.

Ka lura da benen da ke sama? A da makarantar allo ce, ta yara, musamman marayu. Wannan shi ya fi burge ni a tsarin: mai ginin ya haɗa shayarwa da karantarwa, ya kuma san gini kaɗai ba ya shayar da kowa. Shi ya sa ake yin waƙafi, a ware shaguna ko gidaje ko gonaki, kuɗin hayarsu ya biya 'yan ga-ruwa, da malami, da mai shara. Tushen abin kuwa mun san shi: da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, ya ce ruwa. Randar da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kai, niyyar ɗaya ce.

Ba shi ne na farko ba. Sarakunan Mamluk, waɗanda suka mulki Masar kafin Turkawa, sun riga shi. Na Sarki Ƙaitbay, na 1479, yana nan tsaye a titin Saliba. Da Faransawa suka shigo Masar a 1798, sun tarar da kusan 300 a birnin.

Ruwan famfo ne ya kashe su. A 1865, zamanin Isma'ila Basha, aka kafa kamfanin ruwa na Alƙahira, bututu ya soma shiga unguwanni, sannu a hankali tankuna suka bushe. Da yawa an rushe su. Na Katkhuda ya tsira, an gyara shi, yana cikin tsohuwar Alƙahira da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979. Idan ka koma, ka sayi tikiti ka shiga: bangon ɗakin tayil ne shuɗi, a jikinsa akwai zanen Ka'aba, kuma ana hawa benen makarantar.