Ƙarar guga a birkin baya: fad ne ko kalifa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2005 mai birkin diski a baya. Wata biyu ke nan da aka sa mini sababbin fad, tun daga lokacin kuma nake jin "shuu, shuu" daga tayar baya ta dama idan ina tafiya a hankali. In na yi doguwar tafiya har ƙauri nake ji. Bakanikena ya ce a sake canza fad. Can ne matsalar take? (Daga wani mai karatu a Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen fad tukuna. Ƙauri alama ce cewa birkin yana riƙe da diski alhali ka ɗage ƙafa, kuma fad, wato fatar birkin da ke matse diski, ba ya riƙe kansa, wani abu ne ke hana shi saki. In ba a gano abin ba, sabon ma haka zai ƙone.

Fara da kunne. Ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa sau ɗaya a kowane juyin taya, yawanci diski ne ya ɗan karkace ko tsatsa ta yi masa baki a gefe. Kukan ƙarfe siriri da ke ɗaukewa in an taka birki, ɗan ƙarfen gargaɗi ne da ke jikin fad yana sanar da cewa ya cinye. In kuwa taka birki bai canza komai ba, a duba farantin da ke bayan diski, don yakan lanƙwashe ya taɓa shi, ko tsakuwa ta maƙale a tsakani. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauyawa a kwana, wannan boris ne.

Naka ya haɗa da zafi, don haka ga gwajin. Ka yi tafiyar kamar kilomita 10 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannu ga rim na dama da na hagu. Kada ka taɓa diskin, yana iya sale fata. Ɓangaren da ya fi zafi shi ke riƙewa. Daga nan a sa waigi a tayoyin gaba, a ɗaga bayan motar a tokare ta da abin tokara, ba jak kaɗai ba, a sauke birkin hannu. A taka birki da ƙarfi sau uku, a saki, a juya tayar da hannu. Ɗan guga kaɗan ba laifi ba ne, domin fad ɗin diski dama kusa yake kwana da shi. Amma in sai an sa ƙarfi take juyawa, to a sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da diski yana matsa fad a kansa.

Wannan noti shi ke raba gardama. Idan man birki ya yi tsartuwa kuma tayar ta saki nan take, mai ne ke shiga ba ya komawa. Galibi tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, ko da daga waje yana nan sumul. In taya fiye da ɗaya ke yin haka, a koma kan masta, wato famfon da ke tura man birki, da saitin fedal. Idan kuwa an buɗe notin tayar ba ta saki ba, matsalar tana jikin ƙarfen kalifar, kuma a motarka nan muka fi zato.

Dalili shi ne fistin ɗin da ke tura fad a cikin kalifar baya ta wannan Accord ba turawa ake yi ba wajen sa sabon fad, murɗa shi ake yi ta hannun agogo har ya shige, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Wanda ya danne shi da ƙarfe ko da abin matsewa ya lalata zaren ciki. Sannan a fuskar fistin akwai tsaga, a bayan fad na ciki kuma akwai ɗan tsini. Dole tsinin ya faɗa cikin tsagar. In bai faɗa ba, fad zai zauna a karkace, ya dinga guga dare da rana. Tunda ƙarar ta fara ne bayan canjin fad, a nan za a soma dubawa.

Sai fil biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Ya kamata su shiga su fita da yatsu biyu. Abin da ke kashe su a garejojinmu shi ne baƙin giris na boris: yana kumbura robar da ke rufe su, ruwan damina da ƙura su samu hanya, fil ya ƙame. A wanke su tas, a shafa giris na silikon, in robar ta yage a canza. A kankare tsatsar da ke mazaunin kunnuwan fad har sai fad ya zame da hannu. Wanda aka buga da guduma ya shiga ba zai taɓa komawa baya ba. Tsohon fad ma yana ba da shaida. Na waje ya fi cinyewa, fil ne. Na ciki ya fi, a zargi fistin. Gefe ɗaya ya fi ɗaya sirancewa, fil guda ne ya maƙale ko zaman fad ɗin bai daidaita ba.

Kada a manta da ɗan hannun da kebul ɗin birkin hannu ke ja a bayan kalifa. In an sauke birkin, dole ya koma ya jingina da matokarinsa. A cire kebul ɗin: in hannun ya koma, kebul ne ya yi tsatsa ko aka ɗaure shi fiye da kima, in bai koma ba, kalifar ce.

Diskin da ya yi shuɗi-shuɗi ya sha wuta, a auna kaurinsa a gwada da lambar da aka buga a jikinsa. Fad ɗin da ya yi sheƙi kamar gilashi a canza, dama da hagu tare. Man birkin ma a zubar a sa sabon DOT 3 ko DOT 4, don zafi da ruwan da yake tsotsa suna sa shi tafasa, fedal ya nutse. Notocin taya a ɗaure su a gicciye da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, kan Nm 108, saboda ɗaurin da bai daidaita ba yana karkata diski.

TAMBAYA: Camry 2008 gare ni, kalifa lafiya lau, amma ana jin guga daga cikin diskin baya. (Daga wata mai karatu a Kano)

AMSA: Hajiya, taki dabam ce. Birkin ajiye mota na Camry ɗin nan ƙananan takalma ne guda biyu a cikin kwaryar diskin, kamar na birkin ganga. Ko dai an ƙure saitinsu, ko wani sifirin ya tsinke, ko fatar takalmin ta ɓanɓare tana yawo a ciki. A cire toshiyar robar da ke fuskar diski, a sassauta ɗan ƙarfen saiti mai haƙora, sannan a zare diskin a gani. Wajen mayarwa a ƙure saitin har diski ya tsaya, a koma baya kamar haƙora 8, a tabbatar yana juyawa ba guga.