Ina Son Tsayawa Takarar Kansila

Tambaya: Malam, ina son neman kansila a mazaɓarmu. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba katin zaɓenka. In ba a mazaɓar aka yi maka rajista ba, je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku a dawo da ita. Sannan ka yanki katin jam'iyya, domin dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Zaɓen kuwa, hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, in ban da Abuja.

Wurin fidda gwani aka fi shan ƙasa: a buɗe rajistar jam'iyya babu sunan mutum, ko shugabannin mazaɓa su ce ba su taɓa ganinsa a taro ba. Don Allah kada ka raina taron nan. In kuma ma'aikacin gwamnati ne kai, sai ka ajiye aiki kafin zaɓe.