Janareto marar mai, batir mai saurin mutuwa da gas ko gawayi: amsoshin tambayoyinku

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, yawancin tambayoyin da ke shigowa wannan fili sun koma kan abu ɗaya, wato yadda mutum zai samu haske da sanyi da girki ba tare da aljihu ya ƙone ba. Na zaɓo biyar a wannan makon. Kayan da ake tambaya a kansu daban-daban ne, amma lissafinsu guda ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon aski a Kano, man janareto ya cinye min riba. Wani ya nuna min bidiyon janareto da ba ya shan mai, kuma ba ruwansa da rana. Batir ne ke juya moto, moton ya juya altaneta mai samar da lantarki, ita kuma ta ba shago wuta ta sake caja batirin. Ya ce in ba da rabin kuɗi a haɗa min. In bayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba da ko sisi. Abin yana ci min rai, domin masu neman halaliyarsu irinka ake yi wa wannan tarko, a lokacin da suka fi matsuwa.

Babu injin da ke ƙirƙirar makamashi. Abin da kowane inji ke yi shi ne ya karɓe shi a wata siffa ya mayar da shi wata. Dubi wutar da ke zuwa daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Zafin rana ne ya ɗaga tururi daga teku, aka yi ruwan sama a tsaunukan ƙasar Gini, ruwan ya biyo kogin Kwara, aka tare shi a bayan madatsa ya taru a sama. Da aka buɗe masa hanya ya gangaro da ƙarfi, ya juya manyan farfeloli, juyin ya zama lantarki. Lantarkin ya iso shagonka ya zama motsi a cikin kilifa, ya zama haske a kwan fitila, ya zama sauti a rediyo. Fetur ɗin da kake zubawa a janareto ma haka ne, makamashi ne a daskare cikin sinadari, sai an ƙona shi ya zama zafi, zafin ya tura fistin, sannan a samu wuta.

Kuma kowane sauyi yana da ladansa, kamar yadda kaya ba sa wucewa ta hannun dillali sai ya cire la'ada. Ladan nan kusan kullum zafi ne. Ɗora hannunka a jikin cajar waya ko moton fanka bayan sun yi aiki, ɗumin da za ka ji makamashi ne da ya fita bai yi maka aikin komai ba. Tun a shekarun 1840 wani Baturen Ingila, James Joule, ya auna wannan. Ya sa nauyi yana saukowa yana juya filafilai a cikin ruwa, ya ga ruwan yana ƙara ɗumi daidai gwargwadon aikin da aka yi.

To, koma kan injin mutuminka. A ce batir ya ba da kashi 100. A ce moton mai kyau ne, ya mayar da 80 zuwa juyi. Altaneta ta karɓi 80 ta mayar da wajen 64 zuwa lantarki. Ka ga tun ba ka kunna kilifa ko ɗaya ba, abin da zai koma batir bai kai abin da ya fita ba. A bidiyo zai yi aiki na ɗan lokaci, saboda batirin a cike yake. Da ya ƙare, magana ta ƙare. Wannan mafarki ya tsufa ƙwarai, har cibiyar masana kimiyya ta Faris ta yanke shawara tun 1775 cewa ta daina duba duk wani inji da aka ce zai juya kansa har abada.

Akwai dai wani akwati da ake sayarwa da sunan janareton sola, mai batirin litiyom da inbata a ciki. Wannan kaya ne na gaskiya, sai dai ma'ajiya ce, dole a cika shi da sola ko wutar Nepa. Kilifa da ƙwayayen fitila da fanka ba su da ci sosai, don haka shagon aski na cikin sana'o'in da ƙaramin sola ya fi dacewa da su. Can za ka kai kuɗinka.

Tambaya: Na sa sola a gida da batir ɗaya mai 200Ah. Mai haɗawa ya ce zai kwana da mu, amma kafin ƙarfe biyu na dare inbata ta fara kuka. Muna kunna fankar sama biyu, fitilu, talabijin, wani lokaci uwargida ta yi guga da daddare. An cuce ni ne a batirin? Daga Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa batirin ba shi da laifi. Mu yi lissafin da ya kamata a yi maka kafin ka biya.

Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗaukar wat 2,400 na awa ɗaya, wato yunit 2.4 irin wanda mitar Nepa ke ƙirgawa. Idan irin na ruwa ne, mai dalma a ciki, ba a so ka sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saura yunit 1.2. Inbata kuma, wajen mayar da wutar batir zuwa irin ta soket, tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da ke hannunka na gaskiya bai fi yunit 1.1 ba.

Fankar sama ta yau da kullum tana jan wat 70 ko kusa da haka. Biyu, na awa takwas, sun sha yunit 1.1. Ka ga fankokin kaɗai sun share batirin, ba a zo kan talabijin ba. Dutsen guga kuwa wat 1,000 ne ko fiye, butar lantarki ta kan kai 2,000. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, da hita da guga da tukunyar lantarki, shi ne babban maƙiyin batir, domin zafi na bukatar makamashi mai yawa fiye da yadda ake zato. Ɗumama bokitin ruwa mai lita 20 don wanka da sanyin hunturu yana cin kusan rabin yunit.

Ka lura kuma da tsawon hanyar. Farantin sola yana kama wajen kashi 20 ne cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Lantarkin ya shiga batir ya zama sinadari, ya fito ya sake zama lantarki, a nan batirin dalma ya riƙe wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ya bi ta inbata, sannan ya zama zafi a dutsen guga. Idan aka yi gugar da hantsi ko azahar, lokacin da faranti ke zubo wuta, an tsallake shiga da fita batir gaba ɗaya. Ka roƙi uwargida ta mayar da gugarta rana, in dai inbatarka za ta iya ɗauka.

Kafin ka ƙara batir, sauya fankokin. Akwai masu aiki da wutar batir kai tsaye, da yawansu ba sa wuce wat 30. Idan da sauran tsohon kwan fitila mai zare a gidan, cire shi yau. Fiye da kashi 90 na wutar da yake sha zafi yake zama, kwan LED mai wat 9 zai ba ka hasken mai wat 60. Sannan ka hau ka duba farantan. Ƙurar hunturu tana tare haske, kuma zafin bazara da kansa yana rage musu ƙarfi, shi ya sa ake so a bar tazara tsakaninsu da kwanon rufi iska ta riƙa ratsawa. A goge su da sassafe kafin su yi zafi. Ranar da batirin nan ya gama, in da hali ka sayi na litiyom. Ya fi tsada a farko, amma ana iya shan kashi 80 nasa ko fiye, asararsa kaɗan ce, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ni uwargida ce a Zariya, mu tara ne a gida. Maigida ya ce mu bar gas mu koma gawayi saboda tsada. Ni kuma ina ganin kamar gawayin ma ba ya auki. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Hajiya, ba zan shiga tsakaninki da maigida ba, amma zan ba ku ma'aunin da zai raba gardamar. Farashin buhun gawayi da farashin tukunyar gas ba sa faɗin komai, abin dubawa shi ne zafin da ke isa gindin tukunyar miya.

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da makamashi kusan yunit 13, kuma murhun gas yana isar da wajen rabi ga tukunya. Kilo ɗaya na gawayi mai kyau wajen yunit 8 ne, kurfoti na gargajiya kuwa da ƙyar yake isar da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran yana bin iska, yana dafa mai girkin. Ga kuma garwashin da ke ci gaba da ci bayan an sauke tukunya. In an haɗa, kilo ɗaya na gas yana yin aikin kilo uku zuwa huɗu na gawayi. Itace a murhun duwatsu uku ya fi kowa asara, sai an ƙona wajen kilo goma.

Don haka ku ɗora buhun gawayin a sikeli, ku raba kuɗinsa da nauyinsa, ku ninka sau uku da rabi, ku kwatanta da kuɗin kilon gas a unguwarku. Farashi yana hawa da sauka, amsar wannan watan ba lallai ta zama ta wata mai zuwa ba. Gidaje da yawa suna haɗa biyun, gas don shayi da ɗumame da miya, gawayi don wake da ganda da duk abin da ke daɗewa a wuta. In za a yi gawayin, a nemi murhu mai yumɓu a ciki, yana tsare zafi. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kare wutar daga iska.

Roƙona ɗaya, don Allah: kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Hayaƙin janareto ma haka.

Tambaya: Na sayi pawa bank mai 20,000mAh, wayata 5,000mAh ce, amma sau uku ma da ƙyar yake cika ta. Jabu ne?

Amsa: A'a, ƙanina, in yana kusan kai uku lafiyarsa ƙalau. Batirin da ke cikinsa bolt 3.7 ne, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya bi igiyar caji, wayar kuma ta sake sauke shi. Hawa da saukar nan ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ne ɗumin da kake ji. Wanda ya kasa cika ta sau biyu shi ne abin zargi. In za ka sayi wani, ɗaga shi ka ji, na gaskiya mai wannan girma yana da nauyi a hannu.

Tambaya: Ina sayar da tumatir da alayyahu a wani ƙauye kusa da Haɗeja, ba mu da wuta. Ina tunanin cin bashi in sayi firji da ƙaramin janareto. Zai fitar da ni?

Amsa: Baba, ina tsoron ba zai fitar da kai ba. Litar fetur tana ɗauke da makamashi kusan yunit 9, ƙaramin janareto kuwa abin da yake mayarwa lantarki bai cika wuce yunit 2 ba, sauran yana fita ta salansa da zafin inji da ƙara. Firji kuma yana son wuta dare da rana, domin aikinsa shi ne ya riƙa kwaso zafi daga ciki yana zubarwa ta bayansa, da an kashe shi zafin ya fara komawa. Ribar tumatir ba za ta ɗauki wannan ba.

Maganin yana jiharka. Wani malamin makaranta, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda ita. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kaya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da ke kusa da shi. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Kayan miya da ke lalacewa cikin kwana biyu ko uku sukan yi fiye da mako a ciki.

Sharaɗinta shi ne busasshiyar iska, don haka ta fi aiki da rani da bazara, da damina ƙarfinta yana raguwa. Babbar tukunyar kada ta kasance mai fenti ko shafen siminti. Ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ba ta kai sanyin da za a ajiye ɗanyen nama ko kifi ba, wannan kam sai firji. Ka fara da guda biyu ka gwada da kwandon tumatir ɗaya, in ka ga asara ta ragu sai ka sa magina su ƙara maka.