Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Idan birkin lantarki ya sami matsala a tsohuwar mota

Tambayoyin wannan mako sun karkata ga mota, kuma sun dace da wannan fili, domin yawancin motocin da aka ƙera tun daga ƙarshen shekarun 1990 suna ɗauke da kwamfutoci da dama, ɗaya daga cikinsu kuwa aikinta kula da birki.

Tambaya: Malam, motata ƙirar 2004 ce. Fitilar ABS (tsarin da ke hana tayoyi ƙagewa idan an taka birki) mai ruwan ɗorawa ta kama ta ƙi mutuwa, amma birki yana ci yadda ya saba. Mai gyaran wayoyin mota ya ce zai cire mini ƙwan fitilar in huta. In bar shi ya cire?

Amsa: Kada ka bari, Malam, kuma ina ba ka shawara ka nemi wani mai gyaran. Babu abin da yake tayar mini da hankali a wannan fanni kamar wannan ɗabi'a ta cire ƙwai, ko liƙe fitila da baƙin salatif, ko goge lambar kuskure a ce an gama gyara. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Tun da kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ABS na lantarki a 1978, tsarin aikinsa bai canza sosai ba. Kusa da kowace taya akwai sensa da ke fuskantar wani zobe mai haƙora, tana ƙirga juyawar tayar tana aika wa kwamfuta. Idan ka taka birki da ƙarfi kuma wata taya ta nemi ƙagewa, kwamfutar takan sassauta matsin man birki a kanta ta sake matsewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, domin tayar ta ci gaba da juyawa, kai kuma sitiyari ya ci gaba da yi maka biyayya. Da zarar kwamfutar ta ga saƙon da ba ta yarda da shi ba, sai ta janye hannunta ta kunna fitila, ta bar ka da birkin mai zalla. Wannan ne ya sa kake jin birki yana ci lafiya. Bambancin zai bayyana ne ranar da yaro ya faɗo titi kwalta tana jiƙe, ka danne birki, tayoyi su ƙage, motar ta zarce gaba duk yadda ka murɗa sitiyari.

Akwai kuma haƙƙin wasu a ciki. Kai ka san an cire ƙwan, amma iyalinka da za su ɗauki motar, ko wanda zai saye ta bayanka, ba su sani ba. Saboda haka nake roƙon duk mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli ya zuba ido: dole fitilar ABS ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa wani ne ya rufe mata baki.

Gyaran ma sau da yawa ba shi da wuya idan aka bi shi daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. A fara auna batir: kusan volt 12.6 yake nunawa idan injin yana kashe, kimanin 14 idan yana aiki, kuma raunin wuta kaɗai yana iya rikita kwamfutar birki. A duba fiyus da yawan man birki a tukunyarsa. Daga nan sai a cire taya a ciro sensa, inda za ka tarar bakinta ya tara garin ƙarfe baƙi ƙirin gauraye da maiko, ko kuma wayarta ta tsage daidai wurin da take lanƙwasa duk lokacin da taya ta hau ta sauka. Tsatsa kan fasa zoben mai haƙora, boris ɗin taya da ya saki kuma yakan nisanta zoben daga sensa. Ita kwamfutar ce ta ƙarshe da za a zarga, kuma ko ita, abin da yakan same ta shi ne tsagewar dalma a allonta saboda zafi da girgiza, wanda ƙwararre yake iya sake ɗinkewa ba tare da an sayi sabuwa ba.

Sharaɗi guda ne ba na sassautawa a kansa. Idan jar fitilar birki ta kama tare da ta ABS alhali birkin hannu yana sake, a tsayar da motar. Ko dai man birki ya yi ƙasa, ko tsarin raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya daina aiki, kuma a wannan hali tayoyin baya suna iya riga na gaba ƙagewa motar ta juya.

Tambaya: Na sayi ƙaramar na'urar ELM327 mai karanta lambobin kuskuren mota na haɗa da wayata, manhajar ta ce babu kuskure, ga fitilar ABS kuma a kunne. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Fitilar ce mai gaskiya. Ƙa'idar OBD-II da na'urarka take bi wajen karanta kwamfutar mota, wadda ta zama tilas a Amurka tun 1996, an yi ta ne domin injin da hayaƙinsa, don haka yawancin manhajojin kyauta lambobin da suka fara da P kawai suke karantawa, na birki kuwa galibi da C suke farawa. Nemi manhaja ko na'urar da ta san ƙirar motarka. A sa wani ya tuƙa kai kana kallon gudun tayoyi huɗu a allo. Wadda ta nuna sifili ko take tsalle ita ce mai laifi. Ka ɗauki hoton lambar kafin ka goge, domin masu saurin danna maɓallin gogewa sun fi kowa yawan aiko mini da wasiƙa.

Tambaya: Motata mai birkin hannu na maɓalli ce. Ta kwana biyu a ajiye, yanzu birkin ya ƙi saki.

Amsa: Hajiya, batir ne a mafi yawan lokuta. A yi masa caji, a kunna mota, a taka birkin ƙafa sannan a danna maɓallin. Idan ya ƙi, littafin motar yana bayanin hanyar sakin gaggawa a motocin da suke da ita. Kada a ja motar da ƙarfi tayoyin baya suna maƙale.

Tambaya: Mercedes E-Class ce ƙirar 2003. Jan rubutu ya fito yana cewa birki ya sami matsala in tsaya, feda kuma ta yi tauri. Zan iya lallaɓawa zuwa gareji?

Amsa: A'a, Alhaji, a ɗauke ta a kan babbar mota. Wannan ƙira tana amfani da tsarin birkin lantarki mai suna SBC, wanda ya bambanta da abin da na bayyana a sama, kuma kamfanin ya daina sa shi a E-Class daga 2006. A nan feda saƙo take aikawa, famfon lantarki ne yake samar da matsin. Idan ya gaza, abin da ya rage shi ne birkin ko-ta-kwana a tayoyin gaba kaɗai, ba tare da wani taimako ga ƙafarka ba, kuma motar za ta yi nisa ƙwarai kafin ta tsaya. Famfon yana da ma'aunin da ke ƙirga yawan taka birki domin a san lokacin sauya shi, kuma akwai masu mayar da ƙirgar sifili su bar tsohon famfo a wurinsa. Kada ka yarda da wannan. Ka kuma tabbatar bakaniken ya san cewa dole a kashe tsarin kafin a taɓa birkin tayoyi, domin buɗe ƙofa kaɗai yana iya tayar da shi ya matse birki yatsun mutum suna ciki.