Rauta ɗaya tukuna

Jiya muna shirin rufe ofis ka tare ni da tambaya kan canjin saitin da za mu yi wa rautocinmu, wato na'urorin da ke haɗa rassanmu da netwok, ta hanyar Ansible, manhajar da ke aika umarni ɗaya ga na'urori da yawa. Ka ce, "Oga, na rubuta umarnin nan a Ansible, na gwada shi a rautar gwaji ya tafi lafiya ƙalau, cikin minti 5 zai gama da rassanmu 300. Me ya sa ka ce sai dai ɗaya yau, 10 gobe, saura sai mako mai zuwa? Ina amfanin na'ura in tafiyar hawainiya za mu yi?" Na ga ranka bai so ba, ga magariba ta kawo kai, shi ya sa na ce ka bari sai da safe. To jawo kujera.

Rubutunka ba shi da aibi. Na bi shi layi-layi daren jiya, har na ji daɗin yadda ka tsara shi. Rautar da ka gwada a kanta ce ban yarda da shaidarta ba. Sabuwa ce, tana ɗaki mai sanyi, manhajarta ta bana ce, kai kuma kana tsaye a kanta. Waɗancan 300 ba shekara ɗaya aka saye su ba. Akwai mai tsohuwar manhaja, akwai wadda wani ya taɓa shiga da tsakar dare ya gyara mata saiti da hannu don ya ceci reshe, bai rubuta a ko'ina ba, kuma ya daɗe da barin aiki. Abin da ke cikin kundinmu daban, abin da ke cikin akwatin da ke can ƙauye daban, kuma da akwatin umarninka zai gamu.

Ina kamar shekarunka aka ba ni aikin gyara jerin masu izinin shiga a wata rauta da ke wani reshe mai nisa. Na share tsohon jeri kafin in ɗora sabo, ashe ta hanyar da na shigo ita na toshe. Allo ya tsaya cak. Sai da na kwana a mota da kwamfuta da shuɗin kebul ɗin nan na Cisco, wanda ake jona kwamfuta da rauta kai tsaye da shi, a jaka, mutanen reshen kuma suka yi asarar rabin yini. Rauta ɗaya ke nan, don da hannu na yi kuskuren. Kai yanzu hannu 300 gare ka. Ka kuma tuna yadda Ansible ke tafiya in ba ka ce masa komai ba: sai ya gama matakin farko a kan dukan na'urorin da ka lissafa masa sannan ya shiga na biyu. In matakin farko ne ke rufe ƙofa, kafin ka ankara ya rufe 300, kuma matakin da zai buɗe ta ba shi da hanyar isa.

Kada ka ɗauka ƙananan ma'aikata irinmu kaɗai abin ke samu. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani injiniyan Amazon yana bin ƙa'idar aiki, zai cire 'yan sabobi kaɗan, wato manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke aiki a kansu, daga S3, tsarinsu na ajiye bayanai, a cibiyarsu ta arewacin Bajiniya a Amurka. Ya yi kuskure wuri ɗaya wajen buga umarnin, manhaja ta kwashe sabobi fiye da yadda ya nufa, shafuka da yawa na duniya suka durƙushe kusan awa 4. Dubi abin da kamfanin ya gyara bayan nan. Kayan aikin ya canja: ya sa ya riƙa cire sabobi a hankali, ya kuma ƙi karɓar duk umarnin da zai rage su ƙasa da abin da tsarin ke buƙata don ya tsaya da ƙafarsa. Wato sun gane cewa hannu zai sake zamewa wata rana, sai suka sa wa motar birki.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne na Facebook, don kai ma ya taɓa ka. Ranar 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar a agogonmu, WhatsApp da Instagram da Facebook suka ɗauke gaba ɗaya, jama'a nan suna ta zargin kamfanonin waya, wasu na kashe waya suna kunnawa. Aikin duba na yau da kullum ake yi. An ba da umarni don a auna ƙarfin manyan layukan da ke haɗa cibiyoyinsu, sai umarnin ya katse layukan duka. Suna da manhajar da aikinta ke nan, ta tantance irin wannan umarni ta hana shi wucewa, amma ita ma akwai kuskure a cikinta, ta bar shi ya wuce. Daga nan wani tsarin mai sarrafa kansa ya ɗora. Sabobinsu na DNS, masu nuna wa wayarka inda Facebook yake, an tsara su ne in sun kasa jin cibiyoyin su janye sanarwarsu ta BGP, wadda ke gaya wa sauran intanet hanyar isa gare su. Suka yi abin da aka koya musu, Facebook ya ɓace daga taswirar intanet. Abin da ya ja lamarin har kusan awa 6 shi ne kayan da injiniyoyi za su yi gyara da su sun tafi tare da netwok ɗin. Sai da aka tura mutane da ƙafarsu cikin cibiyoyin, inda tsaron da aka kafa don hana ɓarawo ya jinkirta masu gida. Tun daga ranar, duk tsarin da aka kawo mini, tambayata ta farko ita ce, in wannan ya faɗi ta ina zan shiga?

Na CrowdStrike kuwa, kamfanin manhajar tsaron kwamfuta, 19 ga Yuli 2024, shi ne ainihin abin da kake roƙo na bar ka ka yi. Fayil ɗaya aka saki ga kowa lokaci guda. Cikin minti 78 suka janye shi, amma ya riga ya kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda, da yawa daga cikin kwamfutocin sai da mutum ya zauna gabansu ɗaya bayan ɗaya.

Ba cewa nake mu koma aikin hannu ba, Allah ya kiyaye. A 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja a sabobi 7 cikin 8, ma'aikacin ya tsallake ɗaya, kuma wannan ɗayar ta jawo asarar sama da dala miliyan 400 cikin kamar minti 45. Mutum yana gajiya, yana mantuwa, ba ya iya yin abu ɗaya sau 300 iri ɗaya. Don haka ni na ce ka koyi Ansible, kuma da shi za mu yi aikin nan. Manomin da ya samu sabon iri ba ya watsa shi a gona duka daminar farko, kunya biyu yake ba shi ya ga halinsa.

Game da jiran da ya fi ɓata maka rai: wata matsalar ba ta nuna kanta a minti 5. Sai safiya ta yi, ma'aikata sun cika reshe, layi ya ɗauki nauyi. Wata kuma sai an ɗauke wuta, janareta ya tashi, rauta ta sake kunnuwa ta karanta saitin da aka adana, sannan a gane ba a adana shi daidai ba. Dole dare ɗaya da safiya ɗaya su bi ta kan canjin kafin in yarda da shi.

Yau ga yadda za mu yi. Ka sa rubutun a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, abokin aikinka ya karanta ya amince, don idon da ya rubuta ba ya ganin kuskurensa. Ka fara tafiyar da shi a yanayin duba kawai, wanda ke nuna abin da zai canja ba tare da ya taɓa komai ba, ka karanta bambancin da kyau. Duk rautar da bambancinta ya fita daban da na 'yan uwanta, ware ta gefe, akwai tarihi a cikinta. Ta farkon da za mu taɓa, ka zaɓo tsohuwa, amma wadda ke cikin gari, inda babur zai kai ka cikin minti 20. A kan rautocin kamfanin Juniper ka yi amfani da umarnin commit confirmed, wanda in ba ka dawo ka tabbatar ba cikin minti 10 rautar za ta koma tsohon saitinta da kanta. Ka duba cewa ƙaramin modem ɗin ko-ta-kwana, wanda ta shi za mu shiga rautar in babban layi ya yanke, yana amsawa, kuma layin da ke cikinsa na wani kamfani ne daban da na babban layi. A cikin rubutun ka faɗa masa ya riƙa ɗaukarsu rukuni-rukuni, in ɗaya ta gaza a rukuni ya tsaya cak ya jira mutum.

Rukunin ƙarshe kada ya faɗo ranar Juma'a, kada kuma ya faɗo ƙarshen wata lokacin biyan albashi. Kai za ka danna, ni ina zaune a gefenka. Ɗauko shuɗin kebul ɗin ka sa a jakarka, sannan ka buɗe kwamfutar.