Amsa: Babur na ja gefe bayan ya daki akuya

Malam, sannu da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce ka daki akuya da magariba a hanyar Daura, wajen Mashi, yanzu Boxer ɗinka na ja hagu.

Kafin ka sayi komai, kafe babur a tsaye, gaba ya ɗago, ka juya taya. In rim na layi, makaniki ya ɗaure sifok, wato wayoyin rim. In ya lotse, sai sabo. Sannan a sassauta notocin da ke riƙe shokoza, a daidaita kai, a ɗaure. Sau da yawa murɗewa kawai ta yi.

In bai daina ba, a zare sandunan shokozar gaba guda biyu, a mirgina kowanne kan gilashi. Mai lanƙwasa zai riƙa ɗagawa. Don Allah kada a gasa shi da wuta a miƙe, ƙarfen zai yi rauni, ga shi zai cinye oyil sil, robar da ke tare mai, mai ya zubo. A canza shi, a zuba mai daidai wa daida a ɓangarorin biyu.

A duba boris na wuya ma. In kai na sarƙewa a tsakiya, boris ɗin ya lalace. Fenti ya tsage a wuyan firam? To mai yiwuwa firam ya taɓu, kada ka hau sai an gwada shi.